Takalman Filin Yaƙi

Aikina fasa dabino ne. Shekara da shekaru ina zaune a bayan kanti a kasuwar dabino ta Madina, duk kwalin da aka kawo daga gona sai na tsoma hannu can ƙasa, na zaro ƙwaya uku ko huɗu, na tsage su da farce na leƙa ko da tsutsa. Na saman kwali ko kallonsu ba na yi, don na san domin idona aka jera su. Sana'ar ta bar mini hali, kuma ba na ɓoyewa: ban yarda da abin da ya cika kyau daga waje ba. Mai ɗakina takan ce ko ruwan zamzam aka miƙo mini sai na ɗaga kofin na duba gindinsa.

Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Kano da ƙafa, ya sauke farali ya ƙi komawa. A nan aka haifi mahaifinmu, a nan aka haife mu, a unguwar Sih, kuma a ɗakinmu ni da ƙanwata kaɗai muka rage. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Ta dawo gida ta zauna a saman bene, tana cire wa dabino ƙwallo tana cusa masa gyaɗa da lauz, wata irin gyaɗar Larabawa, matan unguwa suna saye idan biki ya taso. Shekara bakwai tana sallamar manema tun daga bakin ƙofa, har na ɗauka ta rufe wannan babi. Sai wata safiya ta sauko da farantin shayi, ta ajiye, ta ƙi tafiya.

"Yaya, akwai wanda zai turo manya," ta ce, tana kallon farantin.

Mutumin da ke kawo mata dabino ne daga wata gona a Awali. Baƙo ne, ɗan wani ƙauye a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, yana aiki da iƙama, takardar zama ta ma'aikata. Zai kai shekara hamsin. Na taɓa ganinsa sau biyu yana sauke kwalaye, dogo, siriri, mara magana. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne abin da zai zo wa duk wani wa a wannan gari: baƙo yana neman 'yar ƙasa, me yake hange? Amma na dubi fuskar ƙanwata na ga wani haske da rabona da shi tun kafin takabarta, sai na haɗiye maganar. Na ce mata zan yi bincike kamar yadda aka saba, in hankalina ya kwanta ni da kaina zan bi takardun izinin auren. Ni ne waliyyinta, kalma ɗaya daga bakina ta isa ta ɗaura ko ta warware.

Binciken mai neman aure yana da ƙa'ida a wurinmu, kuma iyayenmu sun riƙe ta a Madina kamar yadda suka taho da ita. Ba a titsiye mutum a ce masa wane ne kai, me ka aikata a baya. Wannan cin fuska ne. A bayan idonsa ake tambaya, wurin maƙwabta da abokan aiki da waɗanda suka san gidansu. Shi kuwa a gayyace shi cin abinci, a yi hira, a lura da zamansa da cinsa. Na gayyace shi ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Abu na farko da na lura da shi, a bakin ƙofa ne. Takalman yaran gida suna warwatse kamar kullum, ɗaya a nan ɗaya a ƙarƙashin mota. Kafin ya yi sallama ta biyu sai ya sunkuya ya tattara su, ya haɗa kowane da ɗan'uwansa, ya jera su a jikin bango. Na ce a raina, to, an fara jera mini na saman kwali. Da aka kawo shinkafa ya ci sosai, amma ya ture naman gefe guda bai taɓa ba. Na tambaye shi iyali, ya ce, "Babu kowa yanzu, Alhaji." Na tambayi gida, ya ce, "Gida yana nan." Bayan la'asar hira ta ƙare mana ƙaf, muka zauna muna sauraron ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Don in kore shirun sai na kunna fim ɗin da na fi so.

Fim ne na Turawa a kan mutanen Sukotland, lokacin da suka yi wa sarkin Ingila tawaye shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ban iya Turanci ba, fassarar Larabci da ke bi ta ƙasa nake karantawa, amma na kalle shi har na haddace inda kowa zai faɗi. Abin da ya sa nake sonsa, ba ya yi wa yaƙi kwalliya. Ana ruwan sama, fili ya zama taɓo, 'yan tawayen suna tsaye da zannuwansu masu gida-gida da dogayen masu, yunwa a fuskarsu, wasu suna karkarwa, wani har yana amai don tsoro. Dawakin sarki suna taho musu, ƙasa tana rawa. In aka haɗu babu wani salo na takobi, sai turereniya da zamewa da cizo, mutum ya kashe na kusa da shi bai ma tabbatar ko nasu ba ne. Jarumin ma ba ya fita da tsabta. Ni da ban yarda da kowa ba, na yarda da wannan fim ɗari bisa ɗari, kuma duk baƙon da ya zo sai na yi masa alfahari da shi kamar ni na shirya.

"Malam, ka ga wannan?" na ce. "Babu ƙarya a ciki. Wallahi kamar gaske."

"Sun yi ƙoƙari," ya ce.

Yana zaune a bakin kujera, kofin gahawa a hannunsa ya huce. Bai kau da kai ba, bai kuma yi irin tsakin da mutane ke yi idan an sare wani ba. Da yaƙin ya lafa, aka shiga nuna filin a hankali, gawarwaki a kwance cikin taɓo har iya ganin ido. Nan ne wurin da nakan yi shiru in bar baƙo ya girgiza kai. Shi kuwa sai ya matso ya ƙura ido.

"Amma duk da takalmansu," ya ce.

"Na'am?"

"Dubi ƙafafunsu, Alhaji. Inda mutane suka yi gudun ceton rai, abin da ke fara cika ƙasa takalma ne. Ɗaya a nan, ɗaya can gaba. Da wuya ka samu mutum a kwance da duka biyun."

A fim ɗin jarumin ya durƙusa kan gawar amininsa, ya shafa masa fuska sau ɗaya, idanun suka rufe.

"Ido ba ya rufuwa haka," ya ce. "In an ɗan jima, sai ka danne da yatsa ka riƙe. Wani ka saki ya sake buɗewa. Kuma waɗanda ba su cika ba, ba ihu suke yi ba. Ruwa suke roƙo, a hankali, sai ka kai kunne." Ya sake duban filin. "Babu ƙuda ma."

"Ƙasar sanyi ce," na ce.

"Haka ne. Ƙila shi ya sa."

Abin da ya tayar mini da tsikar jiki ba maganar ba ce, yadda ya faɗe ta ne, a natse, kamar yana gaya mini lokacin da ake yanke dabino. Sai ya ɗago ya ga irin kallon da nake masa. Ya ajiye kofin, ya yi godiya, ya ce yana so ya riski magariba a gona. Tambaya tana kan harshena: a ina ka san wannan? Ban yi ta ba. Ba a titsiye mai neman aure, kuma gaskiya ina ganin na riga na san amsa.

A lokacin kullum wayoyinmu cike suke da labarin 'yan bindigar da ke cikin dazukan ƙasarsu, ana turo mana hotunan da ba su kalluwa. Ana kuma raɗe-raɗin cewa wasu daga cikinsu in sun tara abin da suka tara sukan canja suna su tsallako. Ban san gaskiyar raɗe-raɗin ba, amma tun ranar suka samu wurin zama a kaina. Washegari na shiga mota na nufi Awali, na bi tsakanin dogayen katangun gonaki har na samu tasu. Na zaɓi lokacin da na san ya fita kai kaya.

Abokan aikinsa duk bakinsu ɗaya: mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya wasa da salla. Wannan na saman kwali ne, na ci gaba da tona. Sai wani Banijare ya ce tun da ya zo bai taɓa karɓar hutu ya je gida ba. Wani ya ce ranar layya in za a yi yanka yakan bar wurin ya shige can ƙarshen gona. Wani ya ce barcinsa kaɗan ne, kuma in an tambaye shi labarin garinsu sai ya tashi ya nemi aiki. Suka ce a bakin masallacin gona ma shi ke jera takalma, har suna tsokanarsa da sarkin takalma, shi kuwa ko murmushi ba ya yi. Na dawo gida ina ɗora wannan kan wancan. Mutum ya san yadda idon gawa ke buɗewa, ba ya iya kallon jini, ba ya iya komawa gida, ba ya iya barci. Me ya rage? Har wani daɗi na ji, irin wanda nakan ji idan na tsaga dabino mai sheƙi na tarar da abin da nake zargi.

Na hau bene na samu ƙanwata tana aiki, hannunta duk danƙo. Na ce mata hankalina bai kwanta ba.

"Me ka ji a kansa?"

"Ba ji na yi ba, gani na yi." Na kwashe labarin fim ɗin na gaya mata, da takalma da ido da ƙuda.

Ta yi dariya tukuna, don ta zaci wasa nake. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Yaya, haram alaik. Da fim za ka yi mini bincike? Turawan da suka mutu tun kafin kakan kakanmu su ne shaidunka?"

"Wanda bai sa hannu a abu ba, ba ya saninsa haka."

"To ka tambaye shi mana!"

"A ina kika ga an yi haka? In shi ne abin da nake zato, gaya mini zai yi?"

"Wata takwas yana kawo mini kaya, bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba sai da na fara gaishe shi. Ni ba yarinya ba ce, Yaya. Na binne miji, na san mutum."

Na ce mata in ta shiga ɗaki da shi ta rufe ƙofa, ni ne zan amsa a gaban Allah, kuma ba zan iya ba. Da gaske nake, tsoro nake ji mata. Ta dube ni ta ce, "Khalas, shi ke nan, yadda ka gani," ta ci gaba da cire ƙwallo. Na tura baffanmu ya kai saƙo da lafazin da aka saba, cewa a ƙara haƙuri, lokaci bai yi ba. Duk Bahaushe ya san ma'anar wannan.

Bai yi gardama ba, bai turo kowa ya roƙa ba. Bayan kwana uku aka kawo kwalin dabino gidanmu da saƙon godiya ga abincin da ya ci. Na zauna na fasa na ƙasa, na fasa na tsakiya, na fasa fiye da ashirin ina neman ko guda mai tsutsa. Ban samu ba, haushi ya kama ni. Ba a yi wata biyu ba na ji ya nemi a mayar da aikinsa wata gona a Khaibar. Na ce wa mai ɗakina, kin gani, ya gudu. Ta ce mini mutum yakan bar wuri don kunya ma, na ce ita ba ta san duniya ba.

Ƙanwata ba ta yi gaba da ni ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tana gaishe ni, tana sauko mini da shayi. Sai dai ta daina zama, kuma hasken nan ya tafi.

Da azumi ya zagayo, gari ya cika da masu Umara. Wata rana da hantsi wata tsohuwa ta tsaya a gaban kantina, an gaya mata akwai mai jin Hausa a layin. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wata 'yar takarda da ta sha ninki, sunan mutumin ne a jiki, da kalmar Awali. Ta ce ɗan garinsu ne, ta yi alkawarin ba za ta bar Madina ba sai ta gan shi. Na ba ta kujera. Raina ya ce ga dama ta zo har gida, na tambaye ta a fakaice wane irin mutum ne.

"Ɗan nan, ai duk wanda ya rage a garinmu yana yi masa addu'a," ta ce.

Ta ba ni labari ba tare da na ƙara tambaya ba. Ranar kasuwa 'yan bindiga suka faɗa musu. Kowa ya watse cikin daji, aka kwana biyu babu mai ƙarfin halin komawa. Shi ne ya fara komawa, shi kaɗai da amalanken shanu. Ya bi kasuwa da hanyar rafi yana ɗaukar mutane, mai sauran numfashi ya ba shi ruwa, wanda ya cika ya rufe masa ido ya juya shi gabas. Wasu ba a iya gane su, sai ya tattara takalman da suka zube ya jera a gindin wata tsamiya, mata suna zuwa suna dubawa, kowace ta gane na nata. Ta ce ita ma a nan ta gane na mijinta.

"Yana cikin jerawa ya ɗauko na ɗansa na fari," ta ce. "Saurayi, an sa masa rana. Ƙafa ɗaya ya samu. Ya ajiye a layi kamar na kowa, ya ci gaba da aiki. Uwar yaron ba ta yi shekara ba ta bi shi. Kai ka san mutanenmu, ɗan fari ko yana raye ba a kama sunansa, balle ya tafi ta wannan hanya. Ba mu taɓa jin ya ɗaga maganar ba."

Ina riƙe da wata ƙwayar dabino da na tsaga, na rasa inda zan ajiye ta. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nake. Na kira wani direba da na sani ya kai tsohuwar Khaibar washegari, ni kuwa na kasa bin su.

Sai bayan salla na tafi. Na kama hanya da sassafe, na ratsa baƙaƙen duwatsun hanyar Khaibar har na isa. Na same shi a saman bishiya yana ɗaure nonnan dabino. Ya sauko a hankali, ya goge hannu a riga, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi mutanen gida bai ware kowa ba. Muka zauna a bakin kwatar ruwa. Na gaya masa abin da na zarge shi da shi, ban rage komai ba, na roƙe shi gafara.

"Na gane tun ranar, Alhaji," ya ce. "A idonka na gani. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ko ka tambaya ba zan iya ba."

"To me ya sa ka yi maganar takalman?"

Ya juya ya dubi ruwan da ke wucewa.

"Na ci abinci na ƙoshi, ina jin motsin yara a tsakar gida, ga ka kana ta murna da fim ɗinka. Sai na ji kamar a gida nake. Bakina ya buɗe ban sani ba. Tun da abin ya faru, ranar ce kaɗai."

Na ce masa maganar aure tana nan, ni da kaina na zo in mayar da ita, gobe in ya yarda zan fara bin takardu. Ya girgiza kai. Ya ce ba fushi yake ba, kuma ƙanwata ta fi ƙarfin a ƙi ta. Amma in ya shiga gidanmu, duk ranar da ya yi shiru zai riƙa tunanin me ake karantawa a fuskarsa, duk ranar da ya yi magana kuma haka. Ya ce ya gwada sau ɗaya, ba shi da ƙarfin gwadawa ta biyu. Na yi magiya har na ji kaina ina rantsuwa, bai canja ba. Da zan tafi ya cika mini leda da dabino, na kawo shi gida ban fasa ko ɗaya ba.

Na aika aka kira ƙanwata ta sauko falo. Na gaya mata labarin tsohuwar, da tsamiyar, da abin da ya ce a bakin ruwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ai na gaya maka ba. Ta saurara har na gama.

"Ya rame?" ta ce.

"Kaɗan."

Ta gyaɗa kai ta miƙe. Na riga ta zuwa bakin ƙofa, ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Takalmanta suna nan, ɗaya ya kife, ɗaya yara sun shure shi gefe. Na sunkuya na ɗauko su na haɗa, na jera mata a gabanta. Ta tsaya tana dubansu.

"Bar shi, Yaya," ta ce. "Ba aikinka ba ne."

Ta ɗauke su a hannu, ta hau bene ba takalmi.